Na biya kuɗin shatar tsohon jirgin dizal don ɗaukar hoto a Ingila, ga yadda ta kaya

Tun watan Oktoba nake cewa zan rubuta wannan abu sai yau Allah ya nufa. Duk wanda na nuna wa hoton koren kan jirgin nan tambayarsa ɗaya ce, wai ya aka yi babu kowa a ciki, babu mai ɗaga waya, babu mota a gefe, kamar a 1964 aka ɗauka? To amsar dai kuɗi na biya, shata aka yi.

Ga wanda bai san harkar ba, a Ingila akwai tsofaffin layukan dogo da aka rufe, yawanci a shekarun 1960, daga baya 'yan sa kai suka karɓe su suka farfaɗo da su, suna gyara tsofaffin kawunan jirgi da taragai suna yawo da mutane a ƙarshen mako. Akwai Severn Valley mai tsawon mil 16 daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, akwai East Lancashire a wajen Bury, akwai Great Central a Loughborough wanda shi har layi biyu gare shi kamar babban layi na gaske. Mai son hoto hanya biyu gare shi. Ko ka je ranar biki, wadda suke ce wa gala, a fito da kawunan dizal da yawa ka yi ta kokawa da jama'a a kan dandamalin tasha, ko kuma ka shiga shata, wato wasu su haɗa kuɗin masu hoto su ɗauki jirgi guda na yini ɗaya, ba don a kai kowa ko'ina ba, don kawai a tsayar da shi inda ake so a ɗauke shi. Ni ta biyun na shiga. Ba ɗaya daga cikin layuka ukun can ba ne, kuma ba zan kama sunan layin ko na masu shiryawar ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma mutanen nan ba albashi ake biyansu ba.

Abin da suka yi mana alkawari a talla kawunan dizal biyu ne, samfurin da ake kira Class 37 mai koren fenti da safe, sai samfurin Western mai ruwan makuba da yamma. Kuɗin ya fi tikitin gala nesa ba kusa ba, kuma tun kafin ranar ake biya, ko rana ta fito ko ruwa ya kwana yana zuba ba a mayarwa. Wannan na san da shi tun farko, ban da bakin magana a kai.

Mun hallara tun gari bai gama wayewa ba, sanyi har cikin ƙashi, aka yi mana bayanin tsaro, aka raba mana falmaran ruwan goro mai ƙyalli, aka ce kar wanda ya taka dogo sai an ba da izini, kar wanda ya wuce layin da jagora ya tsaya. Jagoran wani dattijo ne mai rediyon oba-oba a ƙirji, irin mutanen nan da ba sa dariya amma ba sa faɗa, kuma wallahi shi ne rabin abin da na biya. Ya san inda rana za ta faɗo a kowace kwana ta layin da kowane ƙarfe, ya san itacen da inuwarsa ke cin rabin jirgi da ƙarfe goma. Yadda ake yi shi ne mu hau taragon baya a kai mu wuri, mu sauka mu jeru, jirgin ya koma da baya har ya ɓace a kwana, dattijon ya duba sama ya jira girgije ya wuce sannan ya kira direba a rediyo, sai jirgin ya taho ya gifta ta gabanmu. In wani ya ce bai samu ba a sake. A wuri na farko sau huɗu aka yi mana.

Giftawar farko ba zan manta da ita ba. Kafin ka ga jirgin sai ka fara jin gurnaninsa daga bayan itatuwa, ba banza ba Turawa suke masa laƙabi da tarakta, injin English Electric ne mai silinda 12 da ƙarfin doki 1,750, in direba ya taka shi sai ka ji ƙasa na amsawa a tafin ƙafarka, baƙin hayaƙi ya tashi ya tsaya a sama don babu iska. Sai ga hancinsa ya leƙo, raɓa tana ƙyalli a kan rufin, rana ta doke shi ta gefe tana ƙasa-ƙasa. Guda 309 aka ƙera irinsa tsakanin 1960 da 1965 kuma har yau akwai waɗanda ke aiki a babban layi, amma ganinsa cikin fentinsa na asali da jajayen taragai a bayansa wani abu ne daban. Saura kaɗan in manta da danna kamara.

Bari in tsaya a kan fentin nan, don shi ne ainihin abin da ya kai ni, kuma shi ne abin da mutane ba sa ganewa in sun ce ai jirgi jirgi ne. Fentin kan jirgin Ingila kamar kalanda yake, wanda ya iya karantawa zai gaya maka shekarar da ake kwaikwayo ko bai ga rubutu ba. Da aka fito da shirin zamanantar da hukumar jiragen ƙasa ta British Railways a 1955 ta fara sayen dizal don maye gurbin masu kwal, yawancinsu kore mai duhu aka yi musu, da tambarin zaki riƙe da ƙafar jirgi a gefe, lambarsu kuma ta fara da D. Sai aka ga ma'aikatan da ke gyaran dogo ba sa hango su da wuri, ba tururi ba ƙara irin ta mai kwal, ga koren yana sajewa da daji, shi ne daga wajen 1962 aka fara shafa ɗan faci ruwan ɗorawa a hanci, daga baya aka mayar da duk fuskar ruwan ɗorawa. A 1964 aka gwada shuɗi a jikin wani Class 47 mai lamba D1733, a 1965 hukumar ta gajarta sunanta zuwa British Rail ta ɗauki tambarin kibiya biyu masu kallon gaba da baya, shuɗi ya fara cinye komai. Masu kwal suka ƙare a babban layi a Agustan 1968, aka daina buƙatar D ɗin, sannan a 1973 da 1974 aka sake wa kusan kowa lamba saboda tsarin kwamfuta, har na farkon 37 ɗin ma, D6700, ya koma 37119. To kun ga kore da ɗan facin ɗorawa da D a lamba, wannan yana ce maka tsakiyar shekarun 1960 ne, ba sai an faɗa ba. Namu na safe haka yake, har da akwatunan lambar tafiya guda biyu a rabe a hanci da ƙofa a tsakaninsu, irin na rukunin farko, kuma taragan da aka haɗa masa ruwan makuba ne na zamaninsa. A nan masu shatar sun ci maki cif.

Matsalar koren nan a kamara ita ce mayaudari ne. Idonka na ganin kore, kamara na ganin baƙi. Da girgije ya ɗan rufe rana, ko jirgin ya shiga inuwa, sai gefensa ya koma baƙi ƙirin kamar an shafa kwalta, shi kuwa facin ɗorawan ya yi ta ihu a gaba. In ka ƙara haske don koren ya fito sai ɗorawan ya ƙone ya zama fari-fari babu komai a cikinsa, kuma abin haushin shi ne histogiram na gaba ɗaya, zanen nan na ma'aunin haske a kamara, ba zai nuna maka ba, sai ka buɗe mai launi uku ka ga layin ja ya manne da bango. Ni abin da ya fisshe ni, na rage haske da 0.7, na ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba, na cire saitin fari daga oto na kafe shi a na rana, don in ka bar shi a oto kamara za ta ga kore ya cika mata ido ta ce bari ta gyara, sai hoto ɗaya ya yi ɗumi na kusa da shi ya yi sanyi, ka zo editin ka rasa wanne ne gaskiya. Na kuma ɗauki hoton katin toka na daidaita launi sau ɗaya a kowane wuri. Saurin ƙiftawa 1/800 a f/8 ya isa har ya yi yawa, tunda doka ba ta barin jiragen irin waɗannan layuka su wuce mil 25 a awa da fasinja.

Sai ƙyalli. Kan jirgin da aka gama gyarawa sheƙi yake kamar madubi, ina jin ko ranar da ya fito daga masana'anta bai kai haka ba, balle lokacin da yake aiki yana shan ƙura da mai. Sama da itatuwa da mu kanmu duk muna cikin jikinsa, a wani hoto ma da na buɗe shi sosai sai ga jerin falmaran ruwan goro a gefen jirgin ƙanana-ƙanana kamar tururuwa. Filtar kashe ƙyalli, CPL ɗin nan da ake murzawa, ta taimaka ƙwarai, da ka murza sai farin saman ya sauka daga jikin fentin koren ya fito shar. Amma tana cin haske wajen mataki ɗaya da rabi, kuma in ka murza ta har ƙarshe gilashin direba ya zama rami baƙi, fentin ya mutu ya koma kamar roba, sama kuma in lens ɗinka mai faɗi ne ta yi shuɗi mai duhu a gefe ɗaya fari a ɗaya. Rabi nake murzawa in bar ɗan sheƙi a kan kafaɗar jirgin, shi ne yake nuna ƙarfe ne mai lanƙwasa.

Wani abu da na yaba, sun kula da ƙananan abubuwa. An kwashe kwandunan shara na roba daga tashar da muka tsaya, direba da mataimakinsa ba su sa falmaran a cikin ɗakin tuƙi ba, an saita lambar tafiya a akwatunan hanci yadda ake yi kafin a daina amfani da su a 1976, mai sigina ya ɗaga hannun sigina daidai lokacin da ake so. Har wani cikin ma'aikatan ya sa tsohuwar hula da baƙar jaket ya tsaya a bakin dandamali yana duba agogo. Da farko na ce wannan ai wasan kwaikwayo ne, amma hoton da yake ciki shi ne na fi so a duk na ranar.

To yanzu ƙorafi.

Na farko yawan mutane. A talla sun ce adadi kaɗan za a ɗauka, ni kuwa da na ƙirga sai na ga mun fi abin da wasu wuraren za su iya ɗauka. A fili babu damuwa, kowa ya samu gurbi. Amma akwai wata 'yar gada da ake hangen kwana daga kanta, wurin bai fi na mutum goma ba, sai aka koma turereniya, masu tsani suka kafa a gaba, wani mai ɗaukar bidiyo yana ta cewa a yi shiru a yi shiru don ƙarar kamarorinmu na shiga masa, wani kuma gwiwar hannunsa ta shigo min hoto sau biyu. Ka'idar da kowa ya sani ita ce wanda ya riga tsayawa ba a shiga gabansa, gajere a gaba dogo a baya, amma ka'ida sai da mai tsawatarwa, dattijon kuwa hankalinsa na kan rediyo da girgije. Da sun raba mu gida biyu a gadar, kowane rukuni giftawa biyu, da magana ta ƙare.

Na biyu shi ne wanda ya fi min ciwo. Western ɗin bai fito ba. Da tsakar rana muna hutu aka zo aka ce ya samu matsala a ɗaya daga cikin injinansa, ba za a fito da shi ba. Ban ga laifin kowa a lalacewar ba, inji ne da ya haura shekara 60, guda 74 aka yi tsakanin 1961 da 1964, aka sallami na ƙarshensu a Fabrairun 1977, 7 kacal suka tsira, kowanne da injin Maybach biyu a ciki da giya mai aiki da mai a maimakon lantarki, kayan gyaransu ba a kanti ake samu ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne daga baya a hira na ji ashe tun jajibiri aka san da wuya ya tashi, ba wanda ya turo mana ko saƙo ɗaya. Ni kuwa saboda shi na biya. Western su ne 'yan gayun dizal ɗin Ingila, a kansu aka yi ta gwajin launi, na farkonsu D1000 ruwan yashin hamada aka yi masa, D1015 aka yi masa ruwan zinariya mai duhu, wasu kore, yawanci ruwan makuba, ga suna da lamba na ƙarfe a manne a jiki ba rubutun fenti ba, kuma kowane suna da Western yake farawa. Na kwana biyu ina tunanin yadda zan yi da makubar nan don ita ma muguwa ce, a rana ja mai kyau, a girgije ta koma ruwan ƙasa kamar tsohon bulo.

A madadinsa aka fito da Class 47 mai shuɗi. Ba na raina 47, guda 512 aka yi, shi ne jakin layin Ingila na shekaru da yawa, kuma shuɗin ya fi koren sauƙin ɗauka duk da shi ma yana da halinsa, da safe ya karkata wajen kore, da yamma ya yi duhu kamar bulun makaranta, shi ya sa har yau masu harkar ke musu a kan wane ne shuɗin gaskiya, kowa ya ɗauko tsohon hoto a matsayin hujja alhali kowane fim na da yadda yake juya launi, fentin kansa ma yana koɗewa da wanki. Damuwata ita ce haɗin. Kan jirgin lambar bayan 1973 gare shi, ga fitila mai ƙarfi a hanci irin wadda aka riƙa sawa a shekarun 1980, sai aka bar masa taragan safe masu ruwan makuba, alhali zuwa lokacin kusan duk taragan fasinja sun koma shuɗi da toka. Na yi wa dattijon magana a hankali, ya ce ya sani, masu shuɗi da tokar suna can ƙarshen yadi an toshe su da wasu taragai, fito da su zai ci awa guda na rana. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, amma da an shirya tun jiya da aka san halin da Western ke ciki ai da ba a zo nan ba. Wanda bai damu da tarihi ba ba zai ga komai ba, hoto ne mai kyau. Ni kuwa duk sanda na kalle shi sai in ga kamar mutum ya sa rigar wani zamani da wandon wani.

Abin da na yi sai na daina ɗaukar jirgin gaba ɗaya, na sa doguwar lens na koma kan ƙananan abubuwa, kibiya biyun nan fara tas a kan shuɗi, inda ɗorawan fuska ya zagayo ya haɗu da shuɗin a gefen tagar direba, tabon hayaƙi a rufi, hannun direba a kan taga. A nan na samu hotuna uku da ban yi niyyarsu ba kuma ba zan ba da su ba. Dama ni shuɗin da na fi so ba wannan ba ne, na fi son mai babban tambari da aka fara gwadawa a 1978, rufi ruwan toka, kibiyoyin sun cika gefe tun daga sama har ƙasa, lamba manya-manya, musamman na Sukotland da ake manna wa ɗan farin kare na ma'aikatar Eastfield ko barewar Inverness. Masu son na Amurka kullum suna min gori da jan fentin Santa Fe na 1937 mai ja da azurfa da ratsin ɗorawa, wai na Ingila duk fentin ma'aikatan gwamnati ne. Ban musa ba, nasu ya fi ɗaukar ido, amma nasu ko makaho ya ɗauka zai yi kyau, namu sai ka yi gumi.

Na uku ƙarami ne amma a sani, babu banɗaki a yawancin wuraren da ake sauka, kuma akwai tafiya a kan tsakuwar dogo da gangaren ciyawa mai santsi, wani dattijo a cikinmu sai a tarago ya zauna a wurare biyu don ba zai iya saukowa ba, kuma ba a faɗi haka a talla ba. A zo da takalmi mai ƙarfi, batir biyu don sanyi na shanye shi, da ƙyallen goge lens saboda yayyafi. Lens biyu sun ishe ni, 24 zuwa 70 da 70 zuwa 200, mai ƙafa uku kuwa wahala kawai na ɗauko, ban buɗe shi ba sai da magariba.

Magaribar ce ma ta wanke musu laifi a wurina. Ba ta cikin talla, amma da rana ta faɗi sai aka dawo da koren 37 ɗin aka ajiye shi a tasha kusa da ɗakin sigina, aka kunna fitilun tashar masu ruwan ɗorawa, aka bar injin yana gurnani a hankali, sama ta yi shuɗi mai duhu na 'yan mintocin nan kafin dare. Na kafa kamara na ba ta daƙiƙa 8 a f/11, hayaƙin ya zama kamar farin mayafi a saman rufin, koren da ya wahalar da ni tun safe ya fito da wani irin zurfi da ban gani ba duk yinin, tambarin zakin yana ɗan ƙyalli. Minti ashirin aka ba mu kuma ba wanda ya yi magana.

In maki ake so, jagora da direba biyar cikin biyar, shirin safe biyar, sadarwa ɗaya, yawan mutane biyu. Wanda yake da kamara amma bai taɓa ɗaukar jirgi ba gara ya fara da gala, ya yi kurakuransa da arha. Wanda kuma wani kan jirgi takamaimai yake bi, ya tambaya a rubuce me za a yi in bai tashi ba, da irin taragan da za a haɗa wa na madadin, kafin ya tura ko fam ɗaya.

Makon jiya sun turo saƙo cewa an gyara Western ɗin, za a sake shata a watan Afrilu, waɗanda suka zo ta Oktoba za a rage musu wani abu. Na amsa na ce a sa sunana, na kuma tambaye su mutum nawa za a ɗauka wannan karon da kuma ko za a raba mu a gadar nan. Sun tabbatar da sunan, tambayoyin biyu har yanzu shiru.